Sunan da Bakin Iya Ya Ƙi Kamawa

Shafi na 23

Jama'a, sannunku da jira. Masu cewa jan rai nake yi muku, wallahi wayata ce ta faɗa cikin ruwan wanki, sai jiya ta farfaɗo. Ke kuma Asibi da kika rubuto cewa in ban ba Ilyasu haƙƙinsa ba za ki fice daga zauren nan, ba wanda ya riƙe miki zane, amma ki karanta wannan tukuna.

Waɗanda suka shigo mana yau, ga inda muke. Tanout ce, shekarar 1987, bayan an gama kaka rumbuna sun cika. Madam Ruƙayyatu malamar yaƙi da jahilci ce. Biro, wato ofishinsu na Damagaram, yana tara wani babban littafi na sanin ƙasa da Hausa, irin wanda in ka buɗe "rijiya" ka sami bayanin rijiya, in ka buɗe "cuku" ka sami na cuku. Ita an ba ta babin Idon Damargu, gidan kallon tele na biya mai rassa a Tanout da Belbeji da Falanko. Mijinta Yahuza ke riƙe da na Tanout. Gobe da safe motar biro za ta wuce da takardun, abin da ya shiga ya shiga ke nan.

To, mu je.

Da hantsi Ruƙayyatu ta baza takardunta a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, kowace ta danne ta da dutse saboda iska. Yahuza na gefe yana fifita gawayin shayi, sai kallon ta yake yana murmushi.

"Madam, ni dai da kokawa za ki fara. Kowa ya san kokawa ce ta cika mana gida."

"Malam, littafin sani ne, ba shelar sankira ba."

"To da me ake farawa?"

"Da faɗin ko mene ne abin. Mutumin Maraɗi da bai taɓa taka Damargu ba, in ya buɗe ya gane. Daga nan asali. Daga nan yadda ake kallo. Sai rassa. Can ƙasa kuma majiya, wato wa ya faɗi me."

"Karanta min kan in ji."

Ta ɗaga takardar farko ta gyara murya irin ta aji.

"Idon Damargu gidan kallo ne da ake biya a shiga. Ya bambanta da telen dandali ta kyauta, domin shi kaset yake nunawa, kuma ba a katse kallo don sanarwa. 'Yan wata, wato masu biya wata-wata, su ke zama bencin gaba, su ke fara ganin sabon kaset. In kaset ya gama kwanakinsa a Tanout sai ya bi motar kasuwa zuwa Belbeji, daga can Falanko."

Yahuza ya tafa hannu.

"Kai! Ashe haka muke da girma? Ƙara da cewa babu irinsa daga nan har Agadas."

"Wa ya faɗa?"

"Ni."

"Kai da wa?"

"Ni da bakina mana."

"Baki ɗaya ke nan. Ba ta shiga."

Ai kun san dokar Mushe Attahir, shugaban aikin, mushen nan kuwa malam ne da Faransanci, ba na dabba ba. Mutumin kirki ne, amma kan wannan doka ko uwarsa ba ya ragawa. Duk maganar da za ta shiga littafin sai da baki biyu, na mutanen da suka gani da idonsu, kuma a ɗauki muryarsu a manyeto, wato rikoda. Mutum ba ya yi wa kansa shaida. Saboda dokar nan Ruƙayyatu ta sha rana har ta yi baƙi, ta je Falanko a bayan kamiyo, babbar motar kaya, tare da awaki, don kawai ta tabbatar ko benci ake zama a can ko tabarma. Tabarma ce.

Yahuza ya miƙa mata kofin shayi.

"Asalin fa? Kin gyara?"

Fuskarta ta ɗan canza. Ta ɗaga dutsen ta mayar.

"Nan ne ya tsaya min a wuya."

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama daga zaure, murya mai kauri cike da fara'a. Ilyasu ne, mai riƙe da reshen Belbeji, ɗan wajen Inna Dado, yayar Iya Rakiya mahaifiyar Yahuza. Ya sha sabon ɗinki ruwan bula har ƙamshin shago yake, kwalin kaset a kafaɗa, ya sauke shi nan bakin zaure. A bayansa Inna Dado ce ke takowa a hankali da ƙullin cuku a ka, tana mitar direban da ya kawo su.

"Wannan yaro ramin duniya duk sai da ya faɗa da mu. Ruƙayya, karɓi cukun nan kafin wuyana ya karye."

Aka yi ta gaishe-gaishe, ina gajiya, ina mutanen Belbeji, yaya dabbobi. Ruƙayyatu ta shiga ɗakin Iya ta fito da ƙwaryar fura rufe da faifai.

"Yaya Ilyasu, Iya ta tafi barka maƙwabta. Ta ce in baƙo ya iso a ba shi wannan."

Yahuza ya leƙa ƙwaryar ya riƙe baki.

"Kun gani ko! Ni da safe tsararo aka ba ni kamar ruwan wanke ludayi. Dubi kindirmo nan har ludayi na tsayawa."

Ilyasu ya yi dariya, ya sha sosai, ya goge gemu.

"Madam, an ce gobe littafi zai tafi. Na ce wa Inna ko da rarrafe sai mun zo mun ji da kunnenmu. Mutanen Belbeji har sun fara ce min mutumin littafi."

Ruƙayyatu ta dubi mijinta. Mijin ya dubi gawayi. Namiji ke nan, wallahi, in magana ta yi nauyi sai ya zama gwanin fifita.

"Karanta mana wajen asalin," in ji Ilyasu.

Ba yadda za ta yi. Ta ɗauka.

"An fara kunna telen a tsakar gidan Iya Rakiya a Tanout. Daga Agadas aka kawo ta. Wani ɗan'uwan gidan ne ya kawo ta, shi ya haɗa ta da batir, shi ya fito da dabarar 'yan wata."

Ilyasu ya jira. Ya ga ta ajiye takardar.

"Ci gaba mana."

"Nan ya ƙare, Yaya."

"Wani ɗan'uwan gidan?"

"Haka na rubuta."

"Shi ɗan'uwan ba a yanka masa rago ba ne?"

Ya faɗe ta da dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ruƙayyatu ta ji kunya kamar ta nutse.

"Yaya Ilyasu, ni na san kai ne. Duk Tanout an sani. Amma baki biyu ake so. Rissa, direban da kuka ɗauko akwatin tare, ya faɗi sunanka tsaf, yana cikin kaset. Saura baki ɗaya."

"Ga ni," in ji Yahuza da sauri. "Kunna ki ɗauka."

"Kana Damagaram kana karatu a lakwal lokacin. Labari ka ji."

"To Inna fa?"

Inna Dado ta girgiza kai tana warware ƙullin goro.

"Ina Belbeji ina jinyar ƙafa. Ban gani ba, ba zan yi ƙarya da furfurata ba."

"Ranar mutum huɗu ne a tsakar gidan nan," in ji Ruƙayyatu. "Kai, da Rissa, da Baba mahaifin Yahuza Allah ya jiƙansa, da Iya."

"To ai shi ke nan. Ba ki tambayi Iya ba?"

"Na tambaye su."

"Me ta ce?"

Maimakon ta amsa, sai ta jawo manyeto ta danna. Muryar Iya Rakiya ta fito ras, da gani ranar tana cikin nishaɗi.

"Ranar ai ba na mantawa. Rissa ya tsaya da mota a ƙofa, aka shigo da abu a nannaɗe cikin bargo, na ɗauka mara lafiya ne. Yahuza ba ya nan, da Yahuza na nan da ya fi kowa rawar kai. Sai wannan na Belbejin ya durƙusa yana ta haɗa igiyoyi, tun azahar ko ruwa bai sha ba. Da mutane suka fito cikin gilashin ina ganin sun dube ni na ja mayafi. Akuyata Kyalla ta tsinke igiya ta yi waje."

Aka ji muryar Ruƙayyatu a kaset ɗin tana cewa, "Iya, wa ke nan ya haɗa igiyoyin?"

"Shi dai."

"Shi wa?"

"Ɗan wajen Yaya mana. Ke ma kin sani."

"Sunansa za ku faɗa, saboda littafi."

Sai ƙarar taɓarya daga wani gida. Daga nan muryar Iya ta ce, "Kashe abin nan, tuwona zai kama."

Ruƙayyatu ta kashe.

"Na sake gwadawa wata rana, haka muka yi. Na sake, suka ce kansu ke ciwo."

Ilyasu ya ture ƙwaryar furar gefe a hankali. Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, babu faɗa a muryarsa, kuma ni abin da ya fi taɓa ni ke nan.

"Akuya ma an faɗi sunanta."

"Haba Yaya," in ji Yahuza.

"Bar ni in faɗa, Yahuza. Yau dai in faɗa. Tun ina yaro in Inna ta kawo ni gidan nan, Iya ba ta taɓa kiran sunana ba. Wannan. Na Belbeji. Baƙo. In na shigo ɗaki ta fita. In na gaishe ta, bango take amsa wa. Na yi ta tunanin laifin da na yi mata, ban samo ba. Da na tashi kawo telen nan, Belbeji ya kamata in kai ta, garinmu. Na kawo ta nan, tsakar gidanta, don in ga ko ranar za ta dube ni ta ce madalla."

"Ba ta ce ba?"

"Rissa ta ce wa madalla."

Inna Dado ta ci gaba da ɓare goronta.

"Ni ba littafin ne ya dame ni ba," in ji Ilyasu. Ya tsaya. "Ƙarya nake, ya dame ni. Ina son 'ya'yana su buɗe su ga sunana. Amma in Iya ce za ta hana, to Madam ki bar shi haka. Wani ɗan'uwan gidan. Ya isa. Kaset kuma daga yau direba zai riƙa kawo muku, ba sai na zo ina takura wa mutane a gidansu ba."

Ya miƙe yana kaɗe sabuwar rigarsa.

Daidai nan aka jiyo muryar Iya tun daga zaure.

"Yahuza! Kai Yahuza! Wa ya bar kwali a hanya zan karye?"

Ku da kuka biyo labarin tun farko kun san tsiyar da matan unguwa ke yi wa Iya Rakiya. A garin da mace ba ta kama sunan ɗanta na fari ko da wuƙa a wuya, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ita Iya tun Yahuza na goye take rangaɗa sunansa har a ji a bakin kasuwa. Ana ce mata marar kunyar ɗan fari, ita kuwa sai ta yi dariya ta ce zamani ne.

Ta shigo da fara'arta, hannu riƙe da ƙullin ƙosan barka. Ta rungumi yayarta.

"Yaya, kun sha hanya! Ƙafar fa?"

"Da sauƙi."

Ilyasu ya durƙusa.

"Ina wuni, Iya."

Nan take fara'ar ta koma ciki. Ta juya wa rumfa fuska.

"Lafiya lau. An zo lafiya?"

Ta dubi ƙwaryar da aka ture, ta ce wa Ruƙayyatu, "Furar ba ta yi ba ne? Baƙon bai shanye ba."

Ruƙayyatu ta dubi surukarta. Ta dubi Yahuza, wanda aka gama ƙwala wa kira yanzun nan. Ta dubi Ilyasu a durƙushe. Wani abu ya ɗarsu a ranta, ta yi maza ta kore shi, ta ce a'uzubillahi a zuci. Amma aiki aiki ne, mota kuma gobe ce. Ta ɗauki manyeto ta je gaban Iya ta durƙusa har ƙasa.

"Iya, ku yi min aikin gafara. Yau ne na ƙarshe."

"Ke da abin nan naki kuma?"

"Kalma ɗaya ce. In ba ku faɗa ba, littafi zai fita babu sunan wanda ya yi wahalar. Kuma in ya fita ba a gyarawa."

"To ki rubuta mana. Hannunki ciwo yake?"

"Ba a yarda in rubuta abin da baki biyu bai faɗa ba."

"Wannan Mushen naku ba shi da aikin yi."

Yahuza ya fashe da dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye abarsa.

"Madam, tashi," in ji Ilyasu. "Kada ki matsa mata saboda ni. Inna, mu je, motar Belbeji ba ta jira."

"Ina za a je?" in ji Iya, har yanzu rumfa take kallo. "An yanka kaza."

"Yahuza ya ci, Iya. Shi ne mai suna a gidan nan."

Wayyo. Maganar ta sami Iya, kowa ya gani. Ƙullin ƙosan ya suɓuce daga hannunta. Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta zauna a kan turmi.

Inna Dado ta tofar da goron bakinta.

"Rakiya."

"Rakiya, da ke nake. Yaron nan zai tafi da ciwo a rai, kuma na san halinsa, in ya ce ba ya dawowa ba ya dawowa. Ni na gaji. Ƙafa ta tafi, ido na bin ta. Kada ki bar ni in shiga kabari da kayan da ba nawa ba."

"Yaya, ku rufa min asiri," in ji Iya daga cikin mayafi.

"Asirin me? Abin kunya kika yi? Aure ne na sunna, Falanko kaf an shaida. Allah ya ɗauke mijin, ni kuma Allah bai ba ni haihuwa ba, kika tausaya min. Ni ce na roƙe ki kada a faɗa, don ina tsoron a raba ni da shi. To yau na janye roƙona."

Ilyasu ya dubi Dado.

"Inna, wane miji? Wane Falanko?"

"Kai dai tsaya nan. Girma har gemu, amma ido babu. Wa kake gani ana ajiye wa kindirmo a gidan nan?"

Yahuza ya saki mafici.

"Madam, me ake cewa ne?"

"Yi shiru, Malam," in ji Ruƙayyatu, hawaye na zubo mata, ga kuma murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

Kaji na ta tsattsagar ƙosai a gaban Iya ba wanda ya kore su. Can sai hannunta ya fito daga mayafi, ya laluba, ya taɓa manyeton.

"Abin nan yana ji?"

"Sai na danna, Iya."

"Danna."

Ruƙayyatu ta danna. Kaset ya fara juyawa.

Iya ba ta buɗe fuska ba. Ta juya wa Ilyasu baya sosai, ta sunkuya kan manyeton, kowace kalma ta fita ras.

"Ni Rakiya, a tsakar gidana aka fara kunna tele, da idona na gani. Wanda ya kawo ta, ya haɗa ta, ya wuni bai sha ruwa ba, yaron kirki ne, ban taɓa ganin mai zuciyarsa ba. Madalla da shi. Na faɗa a raina ranar, yau na faɗa a fili."

Ilyasu ya dafa ginshiƙin rumfa.

"Sunan, Iya," in ji Ruƙayyatu a hankali. "Sunan kawai ya rage."

"Sunan ba zai fito daga bakina ba, 'yar nan, ko Mushen naku zai zo da kansa. Ki gaya masa a ƙasar nan ba a tambayar mace sunan ɗanta na fari. Ni na haife shi. In wannan bai ishe shi shaida ba, ya tambayi wadda ta goya."

Inna Dado ta matso da bakinta kusa da manyeton, ta faɗa da ƙarfi kamar mai kiran wani a bayan gari.

"Ilyasu!"

Shi kuwa mai sunan ya saki ginshiƙin rumfar. Ya sulale ya zauna a ƙasa da sabuwar rigarsa, yana kallon bayan matar da ta ƙi dubansa tun yana yaro.

"Iya..." in ji shi. "Iya, ki juyo."

Ba ta juyo ba. Ta miƙa hannu ta baya, ta laluba ƙwaryar furar nan, ta tura masa ita har ta taɓa gwiwarsa.

"Ruƙayya, ki ce wa baƙon ya shanye."